RIJIYA GABA DUBU: LABARIN MUTANEN BARAZIL MASU CIN RANI A BISA TEKU

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya warwatsa arzikin bayinsa a tudu da ruwa, ya bayyana wani a fili, ya ɓoye wani sai an tona. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, malamai da fatake masu karanta wannan shafi, yau za mu kawo muku labarin wani irin cin rani da a ke yi a tsakiyar teku, inda mutum zai duba gabas da yamma, kudu da arewa, bai hangi tudu ba. Masu yinsa mutanen ƙasar Barazil ne, ma'aikatan haƙar man fetur, waɗanda kamfanonin duniya ke ɗauka suna kai su tekunan waɗansu ƙasashe. Akwai riba a cikin al'amarin, akwai kuma hasara, har ta rai.

Ƙasar da Mu Ke Magana

Barazil ita ce ƙasa mafi girma a Amurka ta Kudu. Mutanenta sun haura miliyan 200, harshensu kuwa Fotugis ne, domin mutanen Fotugal suka mallake ta a dā. In mutum ya tsaya a bakin teku a Ikko ya fuskanci kudu maso yamma, ba abin da ke tsakaninsa da ita sai ruwa. Ba kuma baƙuwarmu ba ce ƙwarai, gama a zamanin cinikin bayi an kwashi Hausawa da yawa an kai su lardin Bahiya. Sun ƙulla tawaye a 1807, sun tayar a 1809, sa'an nan a watan Azumi na 1835 Musulmin birnin Salbado, yawancinsu Yarabawa da waɗansu Hausawa, suka tashi tsaye, da aka murƙushe su aka iske takardu da rubutun Larabci a jikinsu. To, a wata unguwa ta wannan birni na Salbado, mai suna Lobato, aka fara ganin man fetur a Barazil a 1939.

Yadda Suka Koyi Sana'ar

A 1953, zamanin Shugaba Getulio Vargas, Gwamnati ta kafa kamfanin mai na ƙasa, watau Petrobras, ta ba shi ikon haƙa shi kaɗai. Aka yi ta tona a tudu, abin da a ke samu bai isa ƙasa ba, sai sayowa a ke yi daga waje. Da tudu ya ƙi, suka juya ga ruwa. A 1968 suka sami mai a tekun lardin Sarjife, a 1974 kuma suka sami wanda ya fi shi a yankin teku da a ke kira Kampos, kusa da Riyo da Janairo. Daga nan wani ƙaramin garin masunta mai suna Makaye ya zama zangon ma'aikatan mai, ya cika ya batse.

Amma fa man ya yi ta gudu zuwa cikin zurfi. Manyan filayen da aka gano a 1984 da 1985, Albakora da Marlim, suna ƙarƙashin ruwan da mai nutso ba ya iya kaiwa gindinsa da rai. Ba kuma wanda za su tambaya, domin a lokacin ba a saba aiki a irin wannan zurfi ba. Sai suka kafa shiri na musamman a 1986, suka haɗa injiniyoyinsu da malaman jami'o'insu, suka yi ta gwaji har suka gane yadda a ke dasa kan rijiya a gindin teku da na'ura, a jawo mai ta bututu mai lanƙwasa zuwa jirgi. Saboda wannan aiki babban taron masu haƙar teku da a ke yi a birnin Hustan na Amurka ya ba Petrobras lambar yabo a 1992, da 2001, da 2015, da 2020.

Mu Hausawa in muna so mu kwatanta halakar da ba fita, mu kan ce rijiya gaba dubu. To, ku ji wadda ta fi ta. A 2006, wajen kilomita 300 daga gaɓa, a yankin Santos, aka sami mai a wurin da a ke kira Tupi. Zurfin ruwa kaɗai ya kai mita 2,000, watau gaba dubu da 'yan kai. Bayan an taɓa gindin teku sai a huda dutse, sa'an nan a iske gishiri shimfiɗe, kaurinsa a waɗansu wurare ya kai mita 2,000, sai an ratsa shi kāna a tarar da mai. Daga saman ruwa zuwa can ƙasa a kan yi mita 7,000, kusan gaba 4,000 ke nan. Wanda ya san kantun gishirin Bilma ya ƙiyasta kantu mai wannan kauri. A 2023 Barazil ta riƙa fitar da ganga miliyan 3.4 a kowace rana, galibinsu daga ƙarƙashin gishirin nan.

Irin jirgin da su ka fi aiki da shi ana kiransa FPSO. Ƙaton jirgin ruwa ne da a ke ɗaurewa wuri ɗaya shekara da shekaru, yana zuƙo mai, ya raba shi da ruwa da iskar gas, ya ajiye a cikinsa, wani jirgi ya zo ya kwashe. Ba ƙasar da ta kai Barazil yawan irin waɗannan jirage. Saboda haka duk inda aka sami mai a ruwa mai zurfi, mutumin da ya yi shekara goma a Kampos ko Santos hajarsa mai tsada ce.

Abin da Ya Fitar da Su

Fitarsu waje ta fara tun da daɗewa. A 1972 Petrobras ya kafa reshe na ƙasashen waje mai suna Braspetro, wanda ya gano babban filin mai na Majnun a Iraƙi a 1975. Amma ƙofa ba ta buɗe sosai ba sai a 1997, sa'ad da aka yi dokar da ta ba kamfanonin waje iznin haƙa a Barazil. Suka shigo da jiragensu, irin su Shell da Equinor da TotalEnergies, da masu ba da hayar jiragen haƙa irin su Transocean, da masu gina FPSO irin su SBM Offshore na Holan da MODEC na Japan. Waɗannan kamfanoni kamar madugai su ke, yau ayarinsu yana wannan teku, gobe yana wancan, wanda kuwa suka ga ƙwazonsa ba su barinsa a baya.

Sa'an nan aka shiga shekarun tsanani. A tsakiyar 2014 gangar mai ta haura dala 100, kafin Janairu na 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. A daidai wannan lokaci aka tono babban cin hanci tsakanin waɗansu shugabannin Petrobras da 'yan kwangila da 'yan siyasa, binciken da a ke kira Lava Jato, wanda ya fara a 2014. Aka soke kwangiloli, wuraren ƙera jirage suka sallami mutane dubbai, gidajen haya a Makaye suka zauna ba kowa. Maƙera da injiniyoyi waɗanda ba su ci kwabon kowa ba, su suka kwana da yunwa. Da yawansu a lokacin suka fara duban waje. Ga kuma kuɗin ƙasarsu, riyal, yana ta faɗuwa a gaban dala, har wanda a ke biya da dala ya zama ya fi abokin aikinsa na gida nesa ba kusa ba.

Inda Su Ke Zuwa

Wuri na fari shi ne Angola, saboda dalili biyu. Na ɗaya harshe, gama Fotugis a ke yi a Luwanda kamar yadda a ke yi a Riyo. Na biyu, masana ilmin ƙasa sun ce Afirka da Amurka ta Kudu haɗe su ke a dā can, suka rabu teku ta shiga tsakani, don haka duwatsu da gishirin da ke ƙarƙashin tekun Angola 'yan'uwan na Barazil ne, kamar ƙwarya da aka fasa biyu. Haka kuma Mozambik, inda a ke jin Fotugis, wadda ta fara sayar da iskar gas daga wani jirgi da ke tekunta a 2022. A 2021 ƙasashe masu magana da Fotugis suka sa hannu a Luwanda a kan yarjejeniyar sauƙaƙa zirga-zirga a tsakaninsu, ko da ya ke iznin aiki yana hannun kowace ƙasa.

Na biyu maƙwabciyarsu ce ta arewa, Giyana, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba. Kamfanin ExxonMobil ya sami mai a tekunta a 2015, aka fara fitarwa a Disamba na 2019, kafin 2024 ta wuce ganga 600,000 a rana, duk da jiragen FPSO. A Surinam da ke kusa da ita, TotalEnergies ya yanke shawarar fara babban aiki a 2024. A Namibiya ma an sami mai a ruwa mai zurfi a 2022. Akwai kuma tsofaffin kasuwanni, watau Tekun Arewa tsakanin Norwe da Sikotlan, da tekun Meziko, da tekun Larabawa wajen Katar da Abu Dabi. Waɗansu kuma ba teku su ke zuwa ba, sai wuraren ƙera jirage a Singafo da Sin da Koriya ta Kudu, su duba aikin jirgi tun yana kan tudu, su biyo shi har inda za a ɗaure shi. Nijeriya ma ta san su, gama Petrobras ya yi tarayya a filayen Agbami da Akpo da Egina, har ya sayar da rabonsa a farkon 2020.

Sana'o'in da a ke nema suna da yawa, domin jirgin nan gari ne sukutum. Akwai masu haƙa, da injiniyoyi, da masu walda, da masu gyaran lantarki, da masu tuƙa injin ɗaga kaya, da masu sarrafa na'urar nutso daga cikin ɗaki suna kallon gindin teku a allo. Akwai matuƙan jirgi, da malamin asibiti, da mai rediyo, da kuku. Amma a lura, ba a ɗauko leburan da bai iya kome ba daga wata ƙasa a biya masa kuɗin jirgin sama, tun da akwai irinsa a bakin gaɓa. Wanda a ke ɗaukowa daga nesa shi ne gwanin da ba a samu a kusa ba.

Guzurin Tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Guzuri na fari shi ne Turanci, kuma nan mutanen Barazil da yawa su ke tuntuɓe, gama ƙasarsu babba ce, mutum ya kan tsufa bai bukaci wani harshe ba. A jirgin da ya tara mutanen Filifin da Indiya da Norwe da Angola, da Turanci a ke ba da umarni, da shi a ke shelar gobara. Wanda bai ji ba ya jefa kansa da 'yan'uwansa a haɗari.

Na biyu takardun shaida. A gida suna da horon tsira na dandamalin mai, wanda hukumar sojan ruwa ke lura da shi, ana kiransa CBSP. A waje kuwa galibi a kan nemi wani mai suna BOSIET, na hukumar OPITO, wanda a ke sabuntawa bayan shekara 4. A cikin horon nan a kan sa mutum a akwati mai siffar jirgin sama mai saukar ungulu, a ɗaure shi da ɗamara, a nutsar da akwatin a ruwa a kife shi, shi kuwa ya kwance kansa ya fita ta taga. Dalili shi ne da irin wannan jirgi a ke kai ma'aikata, in ya faɗa teku kifewa ya ke yi. Ma'aikatan tuƙi suna bukatar shaidar STCW, wadda ƙasashen duniya suka yarda da ita tun 1978, hafsoshinsu kuwa makarantu biyu ke yaye su, ɗaya a Riyo ɗaya a Belem. Masu haƙa suna da jarrabawar tsare rijiya kada ta yi aman wuta, ana sake ta bayan shekara 2. Ga takardar likita, ga shaidar allurar shawara, ga fasfo, ga biza ta aiki.

Zaman Jirgi

Dokar Barazil ta 1972 ta hana a bar ma'aikaci a bisa ruwa fiye da kwana 15 a jere. Ma'aikatan Petrobras su kan yi kwana 14 su huta 21, na 'yan kwangila su yi 14 su huta 14. A waje kuwa abin da aka fi yi shi ne 28 da 28, wani wuri ma ya fi haka. Aiki sa'a 12 ne kowace rana, ba Jumma'a ba Lahadi, ba a shan giya, ba a kunna wuta sai inda aka keɓe. In aka yi haihuwa ko rasuwa a gida, sai dai mutum ya ji ta waya. Rabin shekara uwargida ita ce uwa ita ce uba.

Haɗarin kuwa ba tatsuniya ba ne. A 1980 dandamalin Alexander Kielland ya kife a tekun Norwe, mutum 123 suka mutu. A 1988 Piper Alpha ya kama wuta a tekun Sikotlan, ya ci mutum 167. A Barazil kanta, a Maris na 2001, dandamalin P-36, wanda a ke cewa ba kamarsa girma a lokacin, ya fashe ya kashe mutum 11, bayan 'yan kwanaki ya nutse. A 2010 Deepwater Horizon ya ƙone a tekun Meziko, nan ma mutum 11. Ga kuma sharrin mutane. A 2020 'yan fashin teku sun sace ma'aikatan jirage 130 a tekun Gini, ko da ya ke abin ya ragu daga baya, a 2021 kuma hari a garin Palma na Mozambik ya sa aka dakatar da babban aikin gas da ke can.

Lissafin Riba da Uwar Kuɗi

Ɗan kasuwa ya sani ba kuɗin da aka ƙirga a kasuwa ne riba ba, sai an fid da kuɗin dako da na fito da la'ada. Ma'aikaci a Barazil yana da haƙƙoƙi da doka ta ba shi. Akwai ƙarin kashi 30 cikin ɗari saboda haɗarin aiki, da albashin wata na goma sha uku a ƙarshen shekara, da hutun kwana 30 da biya, da kashi 8 cikin ɗari da mai aiki ke zuba masa kowane wata a asusun ajiya saboda ranar sallama, ga kuma fansho. Wata doka ta 1982 ta tsare wa wanda aka ɗauka a gida aka tura shi waje yawancin waɗannan. Amma wanda ya ƙulla da kamfanin waje kai tsaye, a kan biya shi ne bisa kwanakin da ya yi a jirgi, ranar da aiki ya ƙare kuwa shi ke nan, fansho da magani sai ya tanadar wa kansa. Sa'an nan muddin ana lissafa shi mazaunin Barazil, Gwamnati tana bin sa harajin abin da ya samo a waje, wanda ya kan kai kashi 27.5 cikin ɗari.

Malamanmu na fiƙihu sun yi bayani a babin ijara, cewa sai lada ya zama sananne, aiki ya zama sananne, ajali ya zama sananne, kāna ƙulli ya inganta. Wannan shi ne abin da masu hankali daga cikinsu ke bi kafin su sa hannu. Su kan tambayi da wane kuɗi za a biya, da wanda zai ɗauki nauyin jirgin sama, da abin da za a ba iyali in an rasa hannu ko rai, da kuma alƙalin wace ƙasa za a kai ƙara in an saɓa, gama sau da yawa jirgin yana ɗauke da tutar wata ƙasa, mai shi yana wata, tekun kuma na wata.

'Yan Damfara

Duk inda aka kasa nama, ƙuda na nan. Akwai masu aro sunan manyan kamfanoni su aika wa mutane saƙo ta intanet, da takarda mai hatimi, cewa an ɗauke su aiki da albashin da ya wuce hankali, sai dai su aiko da kuɗin biza ko na likita tukuna. Akwai masu sayar da horon da ba hukumar da ta san da shi, suna alkawarin aiki a ƙarshensa. Matalauci ya sayar da babur ko ya ci bashi ya biya, daga nan waya ta mutu. Alama ɗaya ta isa a gane su. Yarjejeniyar duniya ta ma'aikatan jiragen ruwa ta 2006, wadda Barazil ta shiga a 2020, ta hana dillali ya karɓi kuɗi daga hannun ma'aikaci don ya samo masa aiki, la'adarsa tana wuyan mai jirgi. Wanda ya ce ka biya kafin ka ga aiki, kuma bai taɓa zama da kai ya gwada saninka ba, ɓarawo ne ko da ya sa rawani. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Baƙo Raɓa

Saura magana ɗaya, ita ce kuwa mafi nauyi. Kowace ƙasa mai mai tana so 'ya'yanta su ci aikin. Barazil da kanta ta daɗe da dokar cewa kashi biyu cikin uku na ma'aikatan kamfani su zama 'yan ƙasa. Nijeriya ta yi tata a 2010, wadda ta ce a haɗa kowane baƙon ma'aikaci da ɗan ƙasa mai koyo a ƙarƙashinsa, bayan shekara 4 ɗan ƙasa ya gaji kujerar. Angola ta ƙarfafa tata a 2020, Giyana ta yi a 2021. Watau mutumin Barazil da aka kai Luwanda ko Giyana, cikin aikinsa har da koya wa wanda zai maye gurbinsa. Ba zalunci ba ne, gama haka su ma suka karɓa daga hannun Turawa a Kampos. Mai wayo a cikinsu ya kan koyar da zuciya ɗaya, ya tara abin da ya samu, ya ƙara ilmi, domin kafin a sallame shi a nan an buɗe sabuwar rijiya a wani teku.

To, jama'a, kun ji yadda mutanen da suka rasa mai a tudu suka bi shi cikin ruwa, har wahalar ta zame musu sana'ar da a ke aiko musu da jirgi daga wata duniya. Kuɗin man sun hau sun sauka, waɗansu manya sun ci amana, kamfanoni sun karye, abin da ya saura a hannun talaka shi ne abin da ya iya. Mai ɗa ya sa shi ya koyi sana'a har ya ƙware, ya karanta takarda kafin ya dangwala hannu. Allah ya tsare matafiya na tudu da na ruwa, ya mai da kowa ga iyalinsa lafiya, ya ba mu arziki na halal, amin.